Kafin Katin Sakamako Ya Iso Gida

Assalamu alaikum. Malamai 'yan uwana, iyaye maza da iyaye mata, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? Madalla.

Bari in fara da wata baiwar Allah da ta zo ajina shekarun da nake riƙe da aji uku. Ranar ƙarshen zango ce. Ta shigo da katin sakamakon ɗanta a hannu, fuska cike da fara'a, domin yaron yana cikin goman farko. Godiya ta zo yi. Muna cikin magana ta ce ai kullum da daddare yana karanta mata littafi, ko tuntuɓe ba ya yi. Na kira yaron, na buɗe masa shafin da ke da hoton akuya, ya zuba shi tiryan-tiryan. Sai na ɗauki alli na rubuta kalmomi 4 daga cikin wannan shafin a allo, amma na sauya musu jeri. Ya tsaya yana kallon allo, yana kallona, leɓensa na motsi, ba abin da ya fito. Hadda ce ya yi, hoton akuyar ne ke tuna masa inda zai kama. Uwar ta yi shiru, can ta ce: "Malam, me ya sa ba ka gaya mini tun da wuri ba?"

Wallahi ba ni da amsa. Tun makon uku na zango na lura da matsalar yaron nan, na riƙe a raina zan gyara shi a aji, ban taɓa tunanin cewa matar da ke zama da shi kowane dare ta fi kowa buƙatar sani ba. Makonni goma ta yi tana yaba masa hadda, tana zaton taimakonsa take yi. Wannan tambayar tata ita ce dalilin tsayuwata a gabanku yau.

Katin sakamako yana da amfaninsa, amma ku duba abin da ke cikinsa: lamba, matsayi, sai kalma ɗaya ko biyu, "ya ƙara ƙoƙari". Ƙoƙari a ina? Kuma zuwa na 9 a ajin da rabinsa ba su iya karatu ba, me yake nufi? Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2019 cewa kashi 53 cikin 100 na yara a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki suna kai shekara 10 ba su iya karanta gajeren labari su fahimce shi ba. Bayan rufe makarantu lokacin korona, ƙiyasin 2022 ya kai kashi 70. Yawancin waɗannan yaran suna zuwa makaranta, suna da littafi, ana ba su kati duk ƙarshen zango. Sannan katin yana zuwa ne bayan an gama komai, ihu bayan hari.

Iyaye ba sakaci suke yi ba, ba a nuna musu ba ne. Wata mai bincike a Jami'ar Shikago, Rebecca Dizon-Ross, ta yi aiki da iyayen yaran firamare a ƙasar Malawi, aka buga sakamakon a 2019. Ta tarar da tazara mai faɗi tsakanin abin da iyaye ke zato game da ƙoƙarin 'ya'yansu da ainihin makin da yaran suka ci, kuma tazarar ta fi yawa wurin iyayen da ba su yi karatu mai zurfi ba. Sai aka ba su zaɓin littafin aiki kyauta, mai sauƙi, matsakaici ko mai wuya. Waɗanda aka zauna aka yi musu bayanin sakamakon 'ya'yansu dalla-dalla sun fi zaɓar littafin da ya dace da matakin yaron. Kun ga, so yana nan, niyya tana nan. Labarin ne bai isa gare su ba.

To amma a nan akwai gargaɗi, kuma ina so malamai su riƙe shi. A gundumar Jaunpur ta jihar Uttar Pradesh a Indiya, masu bincike Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun gwada tara mutanen ƙauyuka ana nuna musu yadda karatun yaransu ya yi rauni. Labarin shi kaɗai bai canza komai ba, ba a makaranta ba, ba a gida ba. Inda aka ga canji shi ne ƙauyukan da aka koya wa matasa 'yan sa-kai yadda za su zaunar da yara su koya musu karatu. Idan ka ce wa uba ɗansa yana baya ka yi shiru, damuwa kawai ka ba shi, wani lokacin ma bulala ka jawo wa yaron. Sai ka haɗa masa da abin da zai yi da hannunsa a daren nan.

Shi ya sa saƙon da nake so malami ya aika gida ya ƙunshi abin da aka koya, inda yaron ya tsaya, da aiki ɗaya tak na gida. Misali: "Wannan makon muna koyon haɗa baƙi da wasali. 'Yarki ta iya ba, bi, bu, amma tana rikita b da d. Ki sa ta nuna miki b guda biyar a kowace takarda da ke gida." Shi ke nan. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya wannan, domin yarinyar ce ke nunawa, ita kuwa ido da kunne kawai za ta bayar.

Na san abin da ke ran wasu a nan: Malam, yara 60 ne a ajina, yaushe zan rubuta wa kowa? Gaskiya ce, kuma ba zan raina wannan nauyin ba. Amma ba dogon rubutu ake nema ba. A Amurka, wasu masu bincike, Matthew Kraft da Todd Rogers, sun gwada aika wa iyaye jimla ɗaya kacal a mako daga malami. Ɗaliban sakandare ne masu maimaita darasi lokacin hutu, amma abin da aka gano ya shafe mu. Masu faɗuwa sun ragu daga kusan kashi 16 zuwa kashi 9, kuma saƙon da ya fi tasiri shi ne wanda ya faɗi takamaiman abin da yaro zai gyara, fiye da na yabo zalla. Ga yadda nake raba aikin: saƙo ɗaya na aji gaba ɗaya kowane ƙarshen mako, abin da muka yi da abin da za mu shiga. Sannan yara 12 a mako su samu saƙo na kansu. Cikin makonni 5 ka zagaye ajin.

Hanyar aikawa kuma ta bi halin gidan. Mai WhatsApp a tura masa, amma a tuna saƙon murya na daƙiƙa 40 ya fi rubutu isa ga wanda karatu ke yi masa wuya, kuma a yi shi da harshen da ake magana da shi a gidan. Wanda ba shi da babbar waya, tes ya ishe shi. Wanda ba shi da waya sam, shafin ƙarshe na littafin rubutun yaro ya zama wurin saƙo, ko minti biyu a bakin ƙofa lokacin tashi. Kuma tun farkon shekara ka tambaya wane ne ke zama da yaron da yamma. Sau da yawa lambar uba ce a rajista, alhali yaya ce ko kaka ke duba littafin.

Abu ɗaya nake roƙonku da girman Allah: kada ku jera makin yara da sunayensu a zauren WhatsApp na aji. Na ga uwar da ta fice daga zaure saboda kunya, daga ranar ba mu sake samun hanyar isa gare ta ba sai da ƙyar. Labarin aji na kowa ne, raunin yaro kuwa tsakaninka da iyayensa. Haka nan kada kiran farko da uba zai samu daga gare ka ya zama na ƙara. In kullum sai yaro ya yi laifi wayarka ke shiga, za a daina ɗauka.

Akwai kuma wani abu da muke mantawa: yadda muke koyarwa ma labari ne. Wani uba ya taɓa zuwa mini a fusace, wai na rikita masa 'ya a lissafin ɗebewa. Aikin shi ne 52 a ɗebe 17. Ni na koya mata aro, a ari goma daga 5 ta koma 4, 2 ta zama 12. Shi kuma a zamaninsa an koya masa ya ƙara ɗaya a kan lambar ƙasa. Duk hanyoyin biyu 35 suke bayarwa, amma yarinyar ta haɗa su wuri guda, tana rage na sama tana ƙara na ƙasa, sai ta samu 25. Muka zauna a kan bencin yara, na yi nawa ya yi nasa, minti biyar ba ta cika ba muka gane bakin zaren. Tun daga nan, duk sabon babin lissafi sai na aika misali ɗaya da aka warware mataki-mataki zuwa gida.

Iyaye, ku ma ga naku. "Me kuka yi yau?" amsarta ɗaya ce a duk duniya: "Ba komai." Ku ce masa ya buɗe littafi ya koya muku abin da aka koya masa, kamar shi ne malamin. Ku rufe hoton da tafin hannu, ku nuna kalma daga tsakiyar layi ku ji ko zai karanta. Abin da kuka gani kuma ku dawo mana da shi, domin akwai abin da ku kaɗai kuka sani: yaron da ke matso da littafi dab da idonsa, wanda sai an kira shi sau uku yake juyowa, wanda ba ya samun barci. Yaran da muke ɗauka marasa ƙoƙari ne, wasunsu allon ne ba sa gani daga layin baya, kuma daga bakin uwa muke fara jin haka.

Shugabannin makarantu, in kuna son wannan ya ɗore, ku ware wa malami rabin sa'a a cikin jadawalin mako domin saƙonnin iyaye, kuma kuɗin kira da data su fito daga makaranta, kada a bar shi da aljihunsa.

Ita waccan baiwar Allah, a zango na gaba na yanka mata ƙananan katuna 20, kowane da gaɓa ɗaya, ta riƙa jujjuya su tana miƙa masa yana haɗawa. Duk Litinin takan aiko da waɗanda suka gagare shi a ɗaure da zare, daga nan nake fara aiki da shi. A mako na bakwai guda biyu kacal ta aiko.

Na ga hannu a can baya. Hajiya, bismillah, a miƙa mata abin magana.