Ƙofar Gareji Ta Ƙi Ɗagawa, Ashe Ba Inji Ba Ne

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Daga Jidda nake magana, a gidan da nake aikin tuƙi. Yau ba mu hau titi ba, domin mota na cikin gareji, ƙofa kuma ta ƙi ɗagawa.

Da asuba ina dawowa daga masallaci na ji wata ƙara kamar an harba bindiga. Na leƙa ko'ina ban ga komai ba. Sai da lokacin kai yara makaranta ya yi, na danna rimot, inji ya yi gurnani, ƙofa ta ɗaga kamar taƙi ɗaya ta tsaya cak. Maigidana Bahaushe ne haifaffen nan, kakansa ne ya zo aikin Hajji ya zauna. Ya ce mini, "Ɗana, inji ya ƙone, a kira a canja shi." Na ce, "Baba, a yi haƙuri in duba sama tukuna."

Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan sandar ƙarfen da ta gitta saman ƙofa? Abin da ke nannaɗe a jikinta shi ne sifirin, Larabawa na ce masa susta. Guda biyu ne, hagu da dama. Ku dubi na hagun nan: ya rabu biyu, akwai giɓi kamar faɗin yatsu uku a tsakiya. Ƙarar asuba ke nan. Wayar ƙarfen da ke gefe ma ta saki, tana reto.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba inji ke ɗaukar nauyin ƙofa ba, sifirin ne. Ƙofa irin wannan takan kai kilo 100 ko fiye. Idan ta sauka sifirin ya murɗe ya tara ƙarfi, idan za ta tashi ya warware ya ɗauke nauyin, inji jagora kawai yake yi. Don haka in sifirin ya tsinke ka ci gaba da danna rimot, to a nan ne za ka ƙona injin da gaske, asara ta zama biyu. Na zare filogi tun da safe.

Kuma ba mugun abu ba ne, tsufa ne. Sifirin na yau da kullum ana yin sa ne don buɗewa da rufewa kusan sau 10,000. In ana fita sau huɗu a rana, shekara bakwai ke nan. Mu a gidan nan ga makaranta, ga kasuwa, ga asibiti, mun wuce haka nesa. Ga kuma iskar Bahar Maliya mai laima da gishiri, ku dubi tsatsar da ta hau shi, ƙura ta liƙe a kai. Da ana fesa masa man silikon ko giris fari sau biyu a shekara, da ya ƙara kwana.

Wanda nasa bai tsinke ba yana iya gwadawa. Ka rufe ƙofa ƙasa tukuna, kada ka ja jar igiyar nan mai raba ƙofa da inji alhali ƙofa tana sama, za ta iya faɗowa da dukan nauyinta. Ka ja igiya, ka ɗaga da hannu zuwa ƙugu, ka saki a hankali. In ta tsaya, lafiya lau. In ta zame ƙasa, sifirin ya gaji. In tana karkata gefe ɗaya ko tana kuka, ka duba waya da ƙananan tayoyin da ke bin layi.

Amma don girman Allah, 'yan uwana direbobi da masu gadi, kada ku kwance notin da ke bakin sifirin. Na san yadda abin yake, maigida ya ce gyara, kai kuma kana kunyar cewa ba ka iya ba. Wani ɗan garinmu ya cusa sukudireba a ramin da ke bakin sifirin don ya murɗa, ƙarfen ya ƙwace ya fasa masa yatsu, wata biyu bai riƙe sitiyari ba, iyalinsa a gida suna jiran aike. Akwai sanduna biyu na musamman da ake murɗawa da su, kwatan zagaye bayan kwatan zagaye, ana ƙirgawa, mai yi kuma yana tsayawa a gefe, ba ya sa fuska a saitinsu.

Mai gyara ya zo bayan La'asar. Ya auna kaurin ƙarfen, faɗin cikinsa da tsawonsa, kuma na hagu da na dama ba hanya ɗaya suke murɗuwa ba. Na roƙi Baba a canja duka biyun, tunda rana ɗaya aka ɗaura su, na daman ma yana kan hanya. Ya amince.

Ga shi an gama. Ku gani, da hannu ɗaya na ɗaga ta zuwa ƙugu, na saki, ta tsaya. Bari in mayar da filogi in fito da mota, yara na jiran a kai su hadda.