SOC 101: Kwas ɗin da ya kai mu Kara

Aminu: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Aminu ne daga nan Sakkwato. In kun ji ƙugi a bayan muryoyinmu, fanka ce. Mun gwada kashe ta, muka ga ba za mu kai ƙarshen shirin da sauran numfashi ba. Yau maganar SOC 101 za mu yi, kwas ɗin share fage na soshiyoloji, wato nazarin zaman jama'a, wanda ake ba 'yan aji ɗaya a jami'a. Ni na yi shi shekarun baya, yanzu ina koyarwa a sakandare. Hadiza tana aji biyu a sashen. Bello kuwa ɗan kimiyyar siyasa ne, amma ya fi mu sanin kwas ɗin, tunda sau biyu ya zauna masa.

Bello: Haba Yaya Aminu, tun ba a tai ko'ina ba za ka tona man asiri?

Hadiza: Ai ƙwarewa ce, Bello. Mu sau ɗaya muka ɗanɗana.

Aminu: Sharaɗinmu dai na nan: ba sunan makaranta, ba sunan malami. Hadiza, ke kika zaɓi soshiyoloji?

Hadiza: Ina! Lauya na nema a JAMB, da sunaye suka fito sai na tsinci kaina a nan. Na koma gida ina ta kumbure-kumbure. Kakata ta ce me aka ba ki? Na ce ilimin zaman jama'a. Ta ajiye carbinta ta dube ni, ta ce, "Zama da mutane har sai an je jami'a? Ni da na yi shekara arba'in da kishiyoyi uku, ai ni ya kamata a ba takardar."

Bello: Wallahi tsohuwa ta yi gaskiya.

Aminu: To kai ba mu labarin zagayen farko.

Bello: Laccar ƙarhe 8 ta safe ce. In kana son kujerun gaba, da an sallame Asuba za ka kama hanya ka aza littahi bisa benci. Ni kau daga Mabera nike hitowa, kahin in samu kabu-kabu in iso, sai can baya wajen taga. Ba 'yan soshiyoloji kaɗai ba, mu 'yan siyasa muna ciki, 'yan tattalin arziki na ciki, ɗakin ya cika har waje. Malam shina karanto bayani da lasifika, da an ɗauke wuta sai ka ga bakinai na motsi, kai dai sai ka kwahi abin da na gabanka ya rubuta. Rana ta farko anka ce wanda ya kafa ilimin ga shi ne Auguste Comte. Abin da ya iso bayan aji shi ne "Ogas kwamiti". Ni dai na rubuta. Har mako ukku ina ɗauka wani kwamiti ne ya zauna cikin watan Agusta ya ƙirƙiro kwas ɗin.

Hadiza: Innalillahi! Ka rubuta haka a tes?

Bello: Allah ya rufa asiri, wani ya gan shi cikin littahina kahin nan. Amma har yau Kwamiti abokaina ke kira na.

Aminu: Don masu saurare, Comte Bafaranshe ne, shi ya haɗa kalmar a 1838, rabinta Latin rabinta Girkanci. Kuma abin da ba a cika tsayawa a faɗa wa ɗalibi ba shi ne me ya dame shi. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya kifar da sarauta, masana'antu suna kwashe mutane daga ƙauye zuwa birni, tsohon tsari ya watse. Tambayarsu ita ce: to yanzu me zai riƙe mutane wuri ɗaya? In an faɗa maka haka, sai ka ga ai tambayar ba baƙuwa ba ce. Amma a takardar da muka haddace, suna ne da shekarar haihuwa da ta mutuwa, 1798 zuwa 1857, shi ke nan.

Hadiza: Mu malamai biyu suka raba mana kwas ɗin. Na farkon irin wanda Bello ya faɗa ne. Rabin zango sai wata malama ta karɓa, kuma ba zan manta ranar da ta kawo Durkheim ba, wani masani Bafaranshe, da binciken da ya fitar a 1897 kan masu kashe kansu. Tana fara magana wani daga tsakiya ya miƙe ya ce, "Malama, wannan ai rashin imani ne kawai, me za a bincika?" Aji ya ɗauki hayaniya. Ta bari aka lafa, sannan ta ce hukuncin abin a addini a fili yake, ba shi take tambaya ba. Tambayar ita ce, me ya sa adadin yake kusan tsayawa wuri ɗaya kowace shekara a al'umma guda, amma ya bambanta tsakanin wannan al'umma da waccan? Durkheim ya ga abin ya fi yawa a cikin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, ya fi yawa ga marasa aure fiye da masu iyali. Ya ce inda igiyar da ta ɗaure mutum da jama'a ta yi sako-sako, nan abin ya fi aukuwa.

Bello: Wannan a zagaye na biyu nij ji shi. Na farko ko sunan ban iya rubutawa ba.

Hadiza: Sai ta ce mu bar Turai mu dawo gida. In aure ɗaya ya mutu a layinku, za a ce halin mijin ne ko bakin matar. To in aure goma suka mutu a layin cikin shekara biyu fa? Nan dole ka tambayi kuɗin haya, ka tambayi aikin yi, ka tambayi bashin da aka ci wajen kayan ɗaki da lefe. Ta ce wani Ba'amurke, C. Wright Mills, ya yi wannan bayanin a 1959: akwai damuwar mutum shi kaɗai, akwai matsalar jama'a, kuma aikinmu gane inda ɗaya ta zama ɗaya. Yaya Aminu, ina zaune sai yayata ta faɗo mini a rai. Lokacin tana gida wata huɗu, kowa yana cewa rashin haƙurinta ne, har da ni.

Aminu: Allah ya daidaita. Ni abin da ya tsaya mini a rai tun lokacinmu shi ne Ibn Khaldun. Layi ɗaya aka ba shi a takardar, wai "wasu na ganin" ya riga Comte. Mutumin da aka haifa a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, shekara fiye da 400 kafin a haifi Comte, ya kuma ce a fili sabon ilimi yake kafawa kan yadda mutane ke zama tare. Ya kawo asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan da ke sa jama'a su kafa daula. Ya ce jin daɗin birni yana cinye wannan ƙarfin, daula ba ta cika wuce tsara uku ba, kimanin shekara 120. A garin da ɗalibi ya taso yana jin Larabci tun yana riƙe da allo, a ce wannan ne za a wuce da gudu?

Bello: Kuma lissahin ya hita! An fara jihadi 1804, Turawa sunka ci Sakkwato 1903. Shekara 99, ka ga saura kaɗan.

Hadiza: A'a Bello, kar ka ja shi da ƙarfi. Ibn Khaldun yana maganar daular da ta ruɓe daga ciki, wasu masu sabon haɗin kai suka ture ta. Nan kuwa bindiga mai ruwa aka zo da ita daga waje. Da ka rubuta wa malamarmu haka, sai ta ja jan layi ta ce ina hujja.

Bello: To shi ya sa kike aji biyu lahiya lau.

Aminu: Amma ka ga irin gardamar da ya kamata a yi a aji ke nan. Ko Weber, masanin nan Bajamushe, da ya kasa iko gida uku: na gado, na baiwa da kwarjinin mutum, da na doka. Mu misalan Jamus muka haddace. Alhali ka tsaya a Hubbare, inda Shehu yake kwance tun 1817, mutumin da jama'a suka bi ba don ya gaji sarauta ba. Ka taka kaɗan ga fadar Sarkin Musulmi. Ka hau kabu-kabu ga gidan gwamnati, inda mutum ke shiga da ƙuri'a ya fita in wa'adi ya cika. Duka ukun kafin ruwan gorarka ya huce.

Bello: Wanga zahi, ruwa ba ya hucewa, tafasa shikai.

Aminu: Hadiza, zo mu je Kara, don shi na fi son a ji.

Hadiza: Malamar ta raba mu goma-goma, ta ce kowane rukuni ya je wajen masu sana'a ya tambaye su yadda suka shige ta. Wasu suka tafi wajen majema, wasu maƙera, mu aka ba mu Kara, kasuwar dabbobi. Muka je da takardun tambayoyi da biro, fes-fes da mu. Duk wanda muka nufa sai ya juya baya, ashe sun ɗauka 'yan haraji ne. Sai wani a cikinmu ya ce mu cusa takardun a jaka. Muka samu wani dattijo dillali a inuwar rumfa, yana riƙe da igiyar wata jar akuya, muka gaishe shi, muka ce 'yan makaranta ne. Ya ce mu zauna. Ana cikin haka mai saye ya zo, muka ga yadda ake yi: wannan ya taya, Baba ya ce albarka, ya je ya raɗa wa mai akuya, ya dawo, har aka sallama, ya karɓi la'adarsa. Na ce Baba, me zai hana su biyun su yi cinikinsu ba kai? Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, in gobe anka ce akuyar ga ta sata ce, wa za a kama? Shi baƙo ne, ya koma ƙauyensu. Ni aka sani."

Aminu: Amana ke nan yake sayarwa.

Hadiza: Da na tambaye shi yadda ya fara, sai ya ce shi gado ya yi, tun kakansa. Ya nuna wani saurayi da leɓe ya ce, "Wancan haye ne." Nan take na gane abin da muka yi mako biyu muna haddacewa da Turanci, matsayin da aka haife ka da shi da wanda ka nema da kanka. Gado da haye! Kalmomin suna bakin kakata tun ina yarinya.

Aminu: Kuma an rubuta wannan tuntuni. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya fitar da maƙala a 1959 kan matsayi a tsakanin Hausawa, ya nuna yadda sana'a ke ɗaga mutum ko ta sauke shi a idon jama'a. Har gobe za ka ga mutum ya yi kuɗi da sana'arsa, ya je neman aure wani gida a tsaya ana tambayar asali. Ba ina yabon abin ba ne, kuma yana raguwa. Amma nan ne za ka ga inda Weber ya ƙara a kan Marx, wanda ya kasa mutane bisa dukiya: dukiya daban, daraja daban.

Bello: To ni bari in ɓata muku daɗin. Duk wanga abu da kyau, amma mi anka tambaya ranar jarrabawa? Kawo ma'anar al'ada. Lissafo hukumomin tarbiyya guda biyar. Jinga ta Kara maki 10 ce kacal. Akwai wanda bai taka kasuwar ba, sunanai kawai anka sa cikin rukuni, ya haddace takarda, ya hi kowa maki. Sannan ga Turanci. Na san yaran da in ka ce su yi bayanin gado da haye da Hausa, sai ka gaji da saurare, amma a takarda layi ukku ba su iyawa.

Hadiza: Wannan gaskiya ne. Ni ma B na samu, wadda ta kwafi rahotonmu ta samu A.

Aminu: Ni kuma tunda na fara riƙe alli na rage zagin malaminmu na farko. Ajina ɗalibi 80 ne, in na ba da tambayar sharhi sai in kwana uku ina duba takardu. Shi da yake da ɗaruruwa fa, ga wasu kwasa-kwasan, ga 'yan aji huɗu masu rubuta kundi? Dole ya nemi tambayar da zai duba da sauri. Ban ce ya kyauta da karanto mana takarda ba, amma na san abin da ya tura shi.

Hadiza: Ai malamar ma ɗaruruwan ta samu, Yaya.

Aminu: Haka ne. Ban da amsar wannan.

Bello: Ita ma bana ba ta kai kowa kasuwa ba, ta ce kuɗin mota ya yi wa ɗalibai yawa. Cewa tay yi kowa ya tambayi tsohon gidansu.

Hadiza: Kai wa ka tambaya?

Bello: Baffana. Yac ce mu malanta munka gada, yat tambaye ni ni mi nika yi da siyasa. Na rubuta hakanan na miƙa.

Aminu: Sakamakon ya fito?

Bello: An ce Litinin za a liƙa.

Hadiza: Zan duba maka, hanyata ce.

Bello: Ki duba naki. In kin ga lambata ki wuce kamar ba ki san ni ba, kuma kada wanda ya kira ni kahin La'asar.

Aminu: To ga kiran Magariba can an fara. Masu saurare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kwamiti, miƙo mini butar nan.