Sunan kwal: daga bakin bututun hayaƙi ake fara gyara shi

Masu kallo, ku dubi manyan hasumiyoyin nan masu faɗin gindi na tashoshin lantarki masu ƙona kwal, da ke tuttuɗo farin abu sama. Kusan duk rahoton da aka yi a kan kwal da wannan hoton ake buɗe shi. To, farin abin nan tururin ruwa ne daga hasumiyar sanyaya ruwa. Hayaƙin yana fita ne ta wancan siririn dogon bututun da ke gefe, kuma mafi cutarwa a cikinsa ido ba ya ganinsa. Masu kare kwal suna son yin wannan gyaran, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai uwar da ɗanta ke kwana yana tari a unguwar da ke kusa da tasha, wannan bayani ba zai sauya mata ra'ayi ba.

Har yau kusan kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya daga kwal yake fitowa, kuma ƙasar Sin kaɗai tana ƙona fiye da rabin kwal ɗin da duniya ke amfani da shi. Amma Birtaniya, wadda masana'antunta suka tashi a kan kwal, ta rufe tasharta ta ƙarshe a ƙarshen Satumban 2024. Baƙin jinin kwal yana da tushe. A Disambar 1952 hayaƙin kwal daga murhunan gidaje da tashoshin lantarki ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan kwana biyar. Ƙididdigar farko ta ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. Daga nan ne aka samu dokar tsaftace iska ta 1956.

An gwada wanke sunan kwal da talla. A 2008 kamfanoni a Amurka sun kashe maƙudan kuɗi suna tallata abin da suka kira tsaftataccen kwal. Ranar 22 ga Disamba na wannan shekarar, bangon tafkin toka na tashar Kingston da ke jihar Tenesi ya ɓalle, taɓon toka wajen kubik mita miliyan 4 ya malale cikin kogi, ya rushe gidaje. Gani ya kori ji. Saboda haka duk mai son jama'a su sauya ra'ayi, sai ya bi ƙorafinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga wanne ne ke da magani, nawa ne kuɗin maganin, kuma wanne ne har yanzu ya gagara.

Mu fara da lissafi. Tasha mai ƙarfin megawat 1,000, idan tana aiki gadan-gadan, tana cinye kwal wajen tan 9,000 a rana. A ce kashi 10 cikin ɗari na kwal ɗin toka ne, kun ga tan 900 na toka ke nan kullum. A ce kashi 1 kacal farar wuta ce, wato tan 90. Idan ta ƙone takan haɗu da iska nauyinta ya ninka, ta zama tan 180 na iskar farar wuta, wadda ke shaƙe numfashi, ta kuma sa ruwan sama ya yi tsami. Akwai kwal mai toka sama da kashi 30, kamar mafi yawan wanda ake haƙa a Indiya, shi ya sa matakin farko tun a mahaƙa yake. Ana zuba kwal a ruwa mai kauri, dutse da ƙasa su nutse, kwal ya taso. Wankin nan yana rage toka da wani ɓangare na farar wutar, ya kuma hana a biya kuɗin jigilar duwatsu.

A tasha ana niƙe kwal ya yi laushi kamar hoda, a hura shi cikin tukunyar da ke mayar da ruwa tururin juya injin lantarki, ya kama da wuta. Hayaƙin da ya fito yana bi ta matatai uku, kuma jerinsu ba a yi shi da ka ba.

Ta farko tana nan kusa da tukunya, inda zafin hayaƙin yake tsakanin digiri 300 zuwa 400, domin a wannan zafin kawai take aiki. Ana fesa amoniya a cikin hayaƙin, ya ratsa wasu tubala masu ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, waɗanda aka yi da sinadarai masu hanzarta haɗuwa. A nan gurɓatacciyar iskar naitirojin da ƙunar kwal ke haifarwa ke rikiɗewa ta koma naitirojin zalla da ruwa. Ana kawar da kashi 80 zuwa 90. Inda ake samun tangarɗa shi ne idan an rage wa tasha aiki, zafi ya sauka ƙasa da yadda ake buƙata, matatar ta yi sanyi ta daina kamawa. Haka nan tubalan suna tsufa, toka ta toshe ramukan, gubar asenik da ke cikin kwal ta kashe musu kaifi. Mai kula da injin sai ya ƙara amoniya don lambobi su daidaita, rarar amoniyar ta wuce gaba ta haɗu da farar wuta, ta zama wani abu mai danƙo da ke toshe na'urar ɗumama iska.

Ta biyu ita ce mai kama toka. Hayaƙi yana bi tsakanin manyan farantan ƙarfe da aka rataye jere-jere, a tsakaninsu akwai wayoyi masu ɗauke da lantarki na dubban bolt. Wayoyin suna ɗora wa ƙwayoyin toka caji, su manne a jikin farantai, can sai wasu gudumomi su bubbuga farantan, tokar ta zube cikin mazurari. Za ku ji ana cewa tana kama kashi 99 cikin ɗari, ku ce ai an gama. Ku koma lissafinmu. Daga tan 900, wajen tan 700 ne ke tashi da hayaƙi. Kashi 1 na wannan tan 7 ne kullum, kuma mafi laushin ƙurar ce ke kuɓucewa, irin wadda ke shiga can cikin huhu. Tsakanin 99 da 99.9 akwai bambancin ninki goma. Wani abin mamaki kuma, tokar kwal mai ƙarancin farar wuta ba ta saurin karɓar caji, don haka tashar da ta sauya kwal don rage wata matsala tana iya wayar gari ƙurarta ta ƙaru. Wasu tashoshin suna amfani da dubban dogayen buhunan yadi a madadin farantai. Suna kama ƙura sosai, amma buhu ɗaya ya yage, sai ya riƙa zubar da ƙura har ranar da aka gano shi.

Ta uku ita ce wankan hayaƙi. Ana niƙa dutsen farar ƙasa, a dama shi da ruwa, a riƙa fesa shi kamar ruwan sama a cikin wata doguwar hasumiya, hayaƙi na hawa ta cikinsa. Farar ƙasar ta kama farar wutar, a hura iska a ciki, abin ya zama jifsam, wanda masu yin allunan silin da siminti ke saye. Mai kyau tana cire sama da kashi 95. Tana shan ruwa da yawa, tana cin kashi 1 zuwa 2 na wutar da tashar ke samarwa, kuma kan feshin yana toshewa idan ba a kula ba. Ita kuwa zaibar da ke cikin kwal, wadda ke taruwa a jikin kifi ta lalata ƙwaƙwalwar jarirai tun suna ciki, waɗannan matatai suna kama wani kaso nata, ragowar kuma ana fesa mata garin gawayi na musamman kafin matatar toka.

Duk wannan fasaha ba sabuwa ba ce, kuma tana aiki. Tashar Isogo mai ƙona kwal tana cikin birnin Yokohama na Japan, jama'a na zaune kewaye da ita. Ƙasar Sin kuma tun tsakiyar shekarun 2010 ta gindaya wa tashoshinta iyaka mai tsanani: miligiram 10 na ƙura, 35 na iskar farar wuta, 50 na gurɓatacciyar naitirojin a kowane kubik mita na hayaƙi.

Toka fa? Tsohuwar hanya ita ce a dama ta da ruwa a tura tafki, a bar ta shekara da shekaru, asenik da sauran guba suna tsiyaya zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Hanyar da ta fi ita ce a kwashe ta a bushe, a binne a ramin da aka shimfiɗa wa yumɓu da leda mai kauri, a haƙa rijiyoyin gwaji kewaye da shi, ana ɗibar ruwa ana aunawa. Mafi kyau ma a sayar da ita, domin tana maye gurbin kashi 15 zuwa 30 na siminti a kwaɓin kankare. A mahaƙa kuma abin da ke ɓata suna sananne ne: fashewar iskar gas, ƙurar da ke baƙanta huhun ma'aikata, gobara irin ta Soma a Turkiyya da ta kashe mutum 301 a 2014, da rafukan da ke komawa jajaye saboda ruwa mai tsami da ke fitowa daga tsofaffin ramuka. Wannan na ƙarshe maganinsa a karɓi kuɗin gyaran fili a hannun kamfani tun kafin ya sa diga, don kamfanin da ya karye ba ya gyara komai.

Saura babbar matsalar, wadda matatan nan uku ba sa taɓa ta. Farar wuta da toka 'yan rakiya ne a cikin kwal, ana iya tace su. Kabon kuwa shi ne kwal ɗin kansa, ƙona shi ne ke ba da zafin, kuma kowane tan na kabon da ya ƙone yana haifar da tan 3.67 na iskar kabon dayoksaid, mai ɗumama duniya. Tsohuwar tasha tana mayar da wajen kashi 33 zuwa 37 na zafin kwal ya zama lantarki, tana fitar da kusan kilo ɗaya na wannan iska a kowane kilowat-awa. Sabbin tashoshi suna matsa ruwa fiye da maki 221 a ma'aunin matsi na "bar", inda ruwa ke daina tafasa yadda muka saba gani, su kai tururin wajen digiri 600. Da haka suke kaiwa kashi 45 ko sama kaɗan, iskar ta sauko wajen giram 750 zuwa 800. Ci gaba ne na gaske, amma tashar gas ta zamani ba ta wuce rabin haka, lantarkin rana da na iska kuma ba sa ƙona komai.

Ana iya kama iskar kabon ɗin. A wanke hayaƙi da wani ruwan sinadari da ke riƙe ta, a dafa ruwan da tururi ya sake ta, a matse ta, a tura ta can ƙarƙashin ƙasa. Dafawar da matsewar suna cinye wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na ƙarfin tashar, wato sai an ƙara ƙona kwal kafin a samu wutar da ake samu a da. Tashar Boundary Dam a Kanada ta fara wannan a 2014 da burin kama wajen tan miliyan ɗaya a shekara, ta sha fama da lalacewar na'urori, ta kasa cim ma burin. Petra Nova kusa da birnin Hustan ta fara a 2017, tana tura iskar cikin rijiyoyin mai don a ƙara tatso mai, farashin mai ya faɗi a 2020 aka rufe ta, sai 2023 ta dawo aiki. Ta Kemper a jihar Misisifi ta laƙume sama da dala biliyan 7, a 2017 aka haƙura da kwal ɗin aka koma gas. Duk wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce an gama da wannan matsala, ya sani akwai mai wayar hannu a cikin taron da zai binciko waɗannan sunaye uku kafin ya sauka daga mumbari. Abin da za a iya faɗa ba tare da jin kunya ba ya fi wannan ƙanƙanta: kwal yana ajiyuwa a fili wata da watanni, yana ba da wuta dare da rana, kuma ana iya rage dattinsa da ke cutar da maƙwabta matuƙa.

Ko wannan ɗin ma sai an nuna shaida, domin kafa matata daban, kunna ta daban. Farar ƙasa kuɗi ce, amoniya kuɗi ce, wutar da fanfuna ke ci kuɗi ce, kuma tashar da ba a sa mata ido tana iya karkatar da hayaƙi ta ɓarauniyar hanya da daddare. Shi ya sa ake sa na'urar awo a jikin bututun, tana auna ƙura da farar wuta da naitirojin ba tsayawa, tana aika lambobin kai-tsaye ga hukuma. Amurka ta wajabta irin wannan awo a dokarta ta 1990 kan ruwan sama mai tsami. Tashar da ke neman yardar maƙwabtanta sai ta ƙara a kan haka: ta wallafa lambobin awa-awa a intanet, ta kafa ma'aunin iska a makaranta ko asibitin da iska ke kaɗa hayaƙin wajensu, ta bar wani ɗakin gwaji da ba nata ba ya riƙa tantance na'urorin, ta kuma sanar da jama'a da bakinta ranar da ta wuce iyaka, da dalili, da ranar da za a gyara.

Idan kuka samu irin waɗannan lambobi, kada ku tsaya a matsakaicin adadin shekara, domin yana haɗiye munanan ranaku. Ku nemi na awa-awa. Ku duba lokacin da ake tayar da tukunya bayan an kashe ta, lokacin matatar naitirojin ba ta yi zafi ba tukuna. Ku ƙirga awannin da aka rubuta cewa na'urar awo ta samu matsala, ku ga ko da rana suke faɗowa ko tsakar dare, sannan ku gwada yawan farar ƙasar da tashar ta saya a wata da yawan kwal ɗin da ta ƙona a wannan watan.