Sharhi: Masu Tambaya a Bakin Zaure

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Sharhinmu na yau a kan waɗansu baƙi ne da masu unguwanni da dama a jihar Kebbi sun taɓa yi wa jagora. Za ka gan su su huɗu ko biyar, da riga mai tambarin hukuma, da 'yar kwamfutar hannu, wani lokaci har da sikeli da allon auna tsayin yara. Maza su tsaya a zaure da maigida, mata su yi sallama su shiga ciki. A yi ta tambaya har sa'a guda ko fiye, su yi godiya, su hau mota. Daga nan shiru kake ji. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu a ce a labarai kashi kaza cikin ɗari na mutanen Kebbi suna cikin hali kaza, kai kuma ka dubi rediyo ka ce, "Ni yaushe aka tambaye ni?"

Ba a tambaye ka ba, kuma ba sai an tambaye ka ba. Wanda ya taɓa tsayawa wajen cinikin shinkafa a kasuwar Jega ko Kamba ya san yadda abin yake. Mai saye ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya. Ƙarfe yake sokawa a sama, ya soka a tsakiya, ya soka a gindi, ya duba abin da ya zubo a tafin hannunsa, ya yanke kuɗi. Haka Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, da Hukumar Ƙidayar Jama'a suke yi. Su zaɓi unguwanni da ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a, a cikin kowanne su zaɓi gidaje, abin da aka ji a gidajen nan shi ake ɗorawa a kan jiha baki ɗaya. Binciken lafiya na 2018 gidaje dubu 40 da 'yan kai ya shiga a duk faɗin Najeriya. Dabara ce mai kyau, matuƙar ƙarfen ya kai gindin buhu, kuma matuƙar mai buhun bai yi algus ba.

Wannan bincike na 2018 shi ya fito da adadin da ya kamata a ce har yau yana hana mu barci. A cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a Kebbi, 252 ba sa kaiwa shekara biyar. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A lokacin babu jihar da ta kai mu. A Ogun 30 ne, a ƙasa baki ɗaya 132.

Ba daga littafin asibiti aka kwaso adadin ba, domin yawancin haihuwa a nan a ɗaki ake yin ta, yawancin rasuwar jarirai ma a ɗaki. Daga bakin uwaye aka ji. Ma'aikaciya za ta zauna a tabarma da mace, ta ce, "Inna, a fara daga na fari. Yaya sunansa? Wane wata aka haife shi? Yana raye?" Ga kunyar ɗan fari, wadda ba ta barin uwa ta ambaci sunan. Ga rashin takardar haihuwa, sai a koma lissafi da azumi, da layya, da shekarar da ambaliya ta cinye shinkafa. Ga kuma babbar, wato jaririn da bai kai suna ba. Ba ma cewa ya mutu, cewa muke ya koma. Uwa da yawa ba ta sa shi cikin lissafin 'ya'yanta, sai mai tambaya ta lura akwai tazarar shekara huɗu tsakanin yara biyu, ta lallaba ta ce, "Tsakanin wannan da wannan fa, ba a samu komai ba?" Sannan a sunkuyar da kai a ce, "An samu, ya koma." Wadda ta yi wabi sau uku, sau huɗu, sai an bar ta ta share hawaye tukuna. Duk jaririn da aka tsallake a kan tabarmar nan ya fita daga lissafin ƙasa, saboda haka in akwai kuskure ta wannan fuska, rage adadin yake yi, ba ƙara shi ba.

A binciken nan dai aka tsaga yatsun yara aka duba jini, aka samu kashi 52 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, a Legas kashi 2. Aka ɗora su a allon awo, aka samu kashi 66 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Kuma fa shekara uku kafin nan, a watan Nuwamba na 2015, a nan Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Banki, shekara ta zagayo muka fara tura shinkafa Legas a buhu mai sunan jihohin biyu. Jihar da ke ciyar da wasu ita ce yaranta suka fi tsumburewa a 2018. Wanda ya ji haushin adadin ya ce ƙarya ce, ya tuna cewa tsumburewa ba yunwar ciki kaɗai ba ce. Yaron da ke cin tuwo safe da dare ba kifi ba wake ba ƙwai, yana shan ruwan rijiyar da ba murfi, gudawa ta kayar da shi wannan wata, zazzaɓi ya kayar da shi wata mai zuwa, ba zai yi tsayi ba ko rumbun ubansa ya cika ya batse. Fadamar da ke ba mu shinkafa kuma ita ke ba mu sauro. An sake yin binciken a 2023 zuwa 2024, mutuwar ƙananan yara a ƙasa baki ɗaya ta sauko zuwa 110, amma tsumburewa ta hau daga kashi 37 zuwa 40.

Sai dai kuma ba kowane adadi ake haɗiyewa ba tauna ba. NBS ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi a Najeriya kashi 33.3 ne. A watan Agusta na 2023 hukumar nan dai ta ce kashi 4.1 ne. Jama'a suka yi ca, wasu suka ce an sayi hukumar. Ba masana'antu aka buɗe ba, ma'auni aka sauya. A da sai ka yi aikin sa'a 20 a mako kafin a sa ka cikin masu aiki. Yanzu, bisa tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, in ka yi aikin sa'a guda tak don samun kuɗi a cikin kwana bakwai da suka wuce, kai mai aiki ne. Ɗan kabu-kabun da ya ari babur ya yi lodi uku ranar Laraba mai aiki ne. Mai digirin da ke taya wansa tsaron shagon cajin waya a Birnin Kebbi ana ba shi na kashewa, shi ma haka. Adadin bai yi ƙarya ba, amma tambayar da ya amsa ba ita ce ke damun mutane ba. Talaka ba shi da halin zama ba ya yin komai, ko ga-ruwa ce zai yi. Abin da ya kamata a kama a cikin rahoton shi ne wani layi da ba a cika karantawa ba: fiye da kashi 90 na masu aikin nan ba su da albashi tsayayye, ba takardar ɗauka, ba fansho.

A nan ma harshe na da nasa. Ka tambayi Bahaushe, "Kana da aiki?" sai ya ce a'a, alhali tun asuba yake gona, don shi a wurinsa aiki shi ne na gwamnati. Ka tambayi maigida, "Mai ɗakinka na aiki?" sai ya ce tana gida, ba ta komai. Ita kuwa tana ciki tana tuyar ƙuli-ƙuli, tana dama fura, yara na fita da talla, kuma da kuɗin nan ake yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Shi ya sa ake son a tambayi kowa da bakinsa.

Talauci ma ma'auni biyu gare shi, duka daga hukuma ɗaya. Binciken 2018 zuwa 2019 ya duba abin da mutum ke kashewa, ya ja layi a kan naira 137,430 a shekara, wajen naira 376 a rana, ya samu kusan rabin mutanen Kebbi a ƙasan layin. Na 2022 ya duba ruwan sha, da makewayi, da abin da ake girki da shi, da zuwan yara makaranta, da nisan asibiti, sai Kebbi ta haura kashi 80, maƙwabciyarmu Sakkwato kashi 91, ƙasa baki ɗaya kashi 63, wato mutum miliyan 133. Ba su saɓa wa juna ba. Manomin albasa a Aliero zai iya riƙe kuɗi a aljihu bayan kaka, amma kuɗinsa ba zai matso da asibiti kusa da gidansa ba. Ɗan siyasa kuwa wanda ya yi masa daɗi yake ɗauka, in yana kan kujera ya ɗauki na farko, in yana neman kujera ya ɗauki na biyu.

Hauhawar farashi ba sai mun daɗe a kanta ba. Kashi 34.80 a Disamba 2024, kashi 24.48 a Janairu 2025, bayan an sabunta jerin kayan da ake aunawa, an matsar da shekarar kwatanci daga 2009 zuwa 2024. Ba kwanon gero ne ya karye cikin wata guda ba. Ko da ma saukar adadin ba ta nufin kaya sun yi araha, saurin hawansu take aunawa.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na tsaro. A Disamba 2024 NBS ta fitar da binciken da ta tambayi gidaje irin laifukan da aka yi musu daga Mayu 2023 zuwa Afrilu 2024. Ta ce an yi garkuwa da mutane fiye da sau miliyan 2.2, an biya kuɗin fansa naira tiriliyan 2.23, kuma Arewa maso Yamma ce kan gaba. Kwanaki kaɗan bayan haka hukumar ta sanar cewa an yi wa shafinta na intanet kutse. Ni dai a ganina adadin garkuwar ya yi nauyin da za a sa masa ayar tambaya, don in ka raba shi da kwanakin shekara ya haura dubu shida kowace rana. In aka kwashe mutane a ƙauye guda, gida goma za su iya ba da labarin abu ɗaya, kowa da ɗan'uwansa a ciki, in aka ninka wannan a kan ƙasa sai ya kumbura. Amma kada gardamar ta rufe abin da mutanen Danko-Wasagu da Sakaba, da maƙwabtanmu na Zamfara, suka sani ba sai an faɗa musu ba. Binciken ya nuna cewa cikin gidajen da aka yi wa fashi, kaɗan ne fiye da kashi ɗaya bisa uku suka kai ƙara wurin 'yan sanda. Sauran wurin mai gari suka je, ko 'yan sa-kai, ko suka bar wa Allah. Wanda ya ce a jefar da binciken a koma littafin caji ofis, ya koma ga littafin da yawancin masu kuka ba su shiga ba.

Kuma a nan ne ƙarfen ke kasa kaiwa gindin buhu. Ƙauyen da aka fi shan wuya shi ne wanda motar ma'aikata ba za ta iya shiga ba. Binciken talauci na 2018 zuwa 2019 bai sa Borno cikin lissafinsa ba saboda wannan dalili, kuma hukumar ta faɗa ba ta ɓoye ba. In ma an shiga, wa zai faɗa wa baƙo yawan shanunsa a zamanin infoma? Kakanninmu sun ɓoye dabbobi don jangali, sun ɓoye samari don haraji, jikoki kuma suna ɓoyewa don tsoron daji. Wani kuma akasin haka yake yi, ya tura babur bayan ɗaki, ya ce tun jiya ba a ɗora tukunya ba, yana zaton sunayen masu tallafi ake ɗauka. Ba tallafi ba ne. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta hana a fitar da sunan wanda ya amsa ko a miƙa amsarsa ga wani. Ka nemi katin shaida, ka tabbata da sanin mai unguwa suka zo, in ka gamsu ka faɗi abin da ke akwai.

Akwai wata ɓaraka da ba laifin mai amsa ba ce. Kowane kashi kaza cikin ɗari sai an ɗora shi a kan yawan jama'a kafin a ce mutum miliyan kaza, yawan jama'ar kuwa hasashe ne daga ƙidayar 2006, lokacin da aka ce Kebbi miliyan 3.2 ce. An shirya wata a 2023 aka ɗage. Yarinyar da aka haifa shekarar ƙidayar, yau ita ce ake zama da ita a tabarma ana tambayar 'ya'yanta.

Ƙorafinmu ga hukumomin shi ne ba sa dawowa. Da Hausa suka yi tambaya, da Turanci suka buga amsa, shafi ɗaruruwa, aka yi taro a Abuja aka watse. Yawancin sakamakon kuma a matakin jiha yake tsayawa, Zuru da Kangiwa da Yawuri da Argungu duk a kwano ɗaya, ko da yake binciken 2022 ya sauko har mazaɓun sanatoci 109, wanda ke nuna ana iyawa in an so. Ƙananan hukumomi 21 gare mu da masarautu huɗu, ba abin wuya ba ne a kai wa kowane hakimi takarda shafi biyu da Hausa, boko da ajami, a karanta a gaban jama'a. 'Yan majalisarmu na jiha kuwa, ranar da kwamishinan lafiya ya zo kare kasafinsa, muna so mu ji ɗayanku ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a 2018 an ce 252. Yanzu nawa ne, kuma a wace ƙaramar hukuma abin ya fi tsanani?"