Ko Da Bai Cece Mu Ba: Ma'anar Dogara Ga Allah A Wurin Kirista

A daren 31 ga watan Disamba na kowace shekara majami'un Accra kan cika maƙil, domin Kiristoci suna so sabuwar shekara ta same su a gaban Allah, suna waƙa, suna miƙa masa iyalansu da sana'o'insu. Haka aka yi a ƙarshen shekarar 2024. Kafin gari ya waye ranar 2 ga Janairun 2025, gobara ta tashi a Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo da ke tsakiyar birnin nan, ta cinye rumfuna da dilolin kaya na dubban 'yan kasuwa. A cikin waɗanda suka tsaya a kan tokar da safiyar ranar, ba za a rasa matar da muryarta ba ta gama washewa daga waƙoƙin shiga sabuwar shekara ba. Ta damƙa wa Allah jarinta shekaranjiya, yau kuma ga hayaƙi. Tambayar da irin wannan baiwar Allah take yi a zuci, ko da kunya ta hana ta faɗa a gaban fasto, ita ce za mu duba a wannan shiri: me ake nufi da dogara ga Allah, idan wanda ya dogara ma kayansa suna ƙonewa?

Kalmar kanta tana da abin koyarwa. Tsoho yakan dogara sanda ne ta hanyar ɗora mata nauyin jikinsa, kuma wanda ya riƙe sanda a hannu alhali nauyinsa duka yana kan ƙafafunsa, ado kawai yake yi da ita. A zangunanmu na Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, maganar ba baƙuwa ba ce. Maƙwabtanmu Musulmi suna cewa tawakkali, Bahaushe yana cewa dogara ga Allah jari, mutanen Akan kuma suna da tambarin Gye Nyame, wato “sai Allah”, wanda ake gani a jikin kujeru da zannuwa da bangon gidaje. Kiristocin da suke addu'a da Hausa a nan ba su da yawa a tsakanin maƙwabtansu, wasu daga arewacin Ghana suka zo, wasu daga Najeriya ko Nijar, amma suna da Littafi Mai Tsarki cikakke a harshen tun shekarar 1932. A cikinsa, Karin Magana sura 3 aya 5 ta umarci mutum ya dogara ga Ubangiji da dukan zuciyarsa, kada ya jingina ga fahimtar kansa.

Labarin da ya fi fayyace wannan, a ganina, yana cikin littafin Daniyel sura 3. Sarki Nebukadnezzar na Babila ya kafa gunkin zinariya mai tsawon kamu 60, ya ce duk wanda ya ƙi yi masa sujada za a jefa shi cikin tanderun wuta. Samari uku Yahudawa, Shadrak, Meshak da Abednego, suka ƙi. Amsar da suka ba sarki tana da gaɓa biyu. Da farko suka ce Allahn da suke bauta wa yana da iko ya cece su daga wutar. Sannan suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, sarki ya sani ba za su rusuna wa gunkinsa ba. Mukan so gaɓar farko har mu yi waƙa da ita, mu tsallake ta biyu, alhali kuwa a ta biyun ne nauyin ya sauka a kan sanda. Samarin nan ba su san yadda labarin zai ƙare ba sa'ad da suke magana, kuma ba su kafa wa Allah sharaɗi ba. Sun tabbata yana iya, sun bar masa zaɓin abin da zai yi.

Gaskiya ne an cece su. Sai dai Littafi Mai Tsarki bai ɓoye waɗanda aka ba su wata amsa dabam ba. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a kawar masa da wata ƙaya da ke jikinsa, aka ce masa alherin Allah ya ishe shi, ƙayar kuma ta zauna. Yesu Almasihu kansa, a lambun Getsamani, ya roƙi Uba ya ɗauke masa ƙoƙon wahala, sannan ya ce nufin Uba za a bi, ba nasa ba, kuma washegari aka gicciye shi. Wannan ne tushen da Kirista yake tsayawa a kai: Allahn da yake dogara gare shi ya san zafin asara daga ciki, kuma tashin Yesu daga matattu a rana ta uku shi ne shaidar cewa ko mutuwa ba ta da magana ta ƙarshe.

Saboda haka akwai abin dubawa a irin wa'azin da ake ji a wasu gidajen rediyo da tashoshin mota, inda ake ce wa mutum ya shuka iri na kuɗi, ko ya sayi kwalbar mai ko ta ruwa, wai cikin kwana bakwai bizarsa za ta fito ko cinikinsa ya buɗe. Wannan ciniki ne, kuma ɓarnarsa takan bayyana ranar da abin bai faru ba, domin sai a ce wa mai asara bangaskiyarsa ce ta gaza, a ƙara masa laifi a kan hasara. Abokan Ayuba irin wannan lissafin suka yi masa, suka nace cewa lalle ya yi wani zunubi, kuma a ƙarshen littafin su ne Allah ya tsawata wa.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗaukar cewa mai dogara ba ya kuka. Mukan je jaje mu ce, “Yi haƙuri, iya, Allah ya mayar da alheri,” kuma addu'a ce mai kyau, amma kada mu hana ta hawaye. A Zabura ta 13 Dawuda ya tambayi Allah “har yaushe” sau huɗu a jere kafin ya kai ga maganar dogara, Zabura ta 88 kuwa a cikin duhu ta ƙare, ba tare da wani sauƙi ba, kuma duk da haka tana cikin littafin waƙoƙin masu bi. Wanda ya kai ƙararsa gaban Allah, ai ya nuna cewa yana da wurin kai ƙara.

To, a aikace yaya ake yi? Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 5 aya 7, ta ce mu zuba masa dukan damuwarmu domin yana kula da mu. Kalmar Helenanci da aka yi amfani da ita a nan ita ce Luka ya yi amfani da ita sa'ad da almajirai suka jefa tufafinsu a bayan aholakin da Yesu zai hau, wato a cire abu daga jiki a ɗora wa wani ya ɗauka. Yesu kuma a Matiyu sura 6 ya rage girman kayan, inda ya ce kada mu damu da gobe, wahalar yau ta ishi yau. Duk wanda ya rayu a Accra a watan Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, ya san yadda tunanin kuɗin haya na shekara mai zuwa yake hana mutum cin tuwon da ke gabansa. Isra'ilawa a jeji an ba su manna, wato abincin da Allah ya sauko musu da shi daga sama, ta kwana ɗaya-ɗaya ne, wanda ya ɓoye ta gobe kuma ya tarar ta yi tsutsa.

Wannan bai zama izinin naɗe hannu ba. Tsuntsayen da Yesu ya ba da misali da su ba sa shuka, amma da asuba suke fita kiwo. Sa'ad da maƙiya suka yi barazana ga masu gina garun Urushalima, Nehemiya, shugaban aikin, ya ce sun yi addu'a ga Allah, suka kuma sa masu tsaro dare da rana, aka gama garun cikin kwana 52. Mai ciwon sukari da ya dogara ga Allah yakan sha maganinsa, ya je asibiti ranar da likita ya sa masa. 'Yan Kantamanto ma, toka ba ta gama hucewa ba suka fara share wuri suna kafa katako.

Akwai kuma wani ɓangare da girman kai yakan hana mu karɓa. Ku dubi yarinya 'yar dako a kasuwar Makola: komai ƙarfinta, ba ta iya ɗora babban kwano a kanta ita kaɗai, sai ta kira wani ya kama mata. Bulus ya gaya wa Galatiyawa su ɗauki nauyin juna, kuma sau da yawa amsar addu'a takan zo ne ta hannun zumuntar mata da suka haɗa ɗan abin da suke da shi, ko 'yan adashen da a nan muke kira susu da suka yarda a ba mai asara kwasar wannan wata, ko maƙwabciya Hajiya da ta aiko da kwanon shinkafa da wake ba tare da ta tambayi addinin kowa ba. Matar da muka fara da ita za ta iya karɓar duk wannan ba tare da jin ta ƙasƙanta ba. Ranar Litinin ta haɗa kuɗi da wata su sayi dila ɗaya su raba, ta shimfiɗa leda a inda rumfarta take a da, bashin wancan jarin yana nan a kanta, ta yi addu'ar safe, ta fara kiran masu saye.