Yaron da ya cika tambaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, iyayenmu maza da mata, ƴan uwana ƴan Damagaram mazauna Faransa, sannunmu da zuwa, ya sanyi? An ce in yi magana kan yadda ake gane yaro mai baiwa tun yana ƙarami. To ku yi haƙuri da ni, don yawancin alamomin nan mu laifi muke ɗaukarsu.

Hajiya, kina tuƙa tuwo, ɗan shekara huɗu ya tsare ki: ina rana take kwana? Wace lamba ce ta ƙarshe? Me ya hana Kaka da ta rasu dawowa? Kin ba shi amsa, ya ɗora wata tambayar a kan amsar. Sai ki ce ya cika surutu, ya ba ki wuri. Gobe ya tsoma baki a hirar manya ya gyara wa baffansa lissafi, a ce ba shi da kunya. Ladabi wajibi ne, ban ce a bari ba. Amma a koya masa lokacin magana, kada a kashe masa tambayar.

Akwai wanda zai fara karanta rubutun jikin shago ba wanda ya koya masa, ko ya shafe awa guda kan abu ɗaya bai ɗago ba, ko ya guji sa'o'insa ya bi yayye. Alama ɗaya ba ta isa hukunci ba, kuma jinkirin magana ba ya nufin babu ƙwaƙwalwa. Saurin hadda a makarantar allo ni'ima ce, sai dai ku lura ko yana neman ma'anar abin da ya haddace.

Abin da ya fi ruɗa iyaye shi ne wanda masanin halayyar yara Jean-Charles Terrassier ya bayyana: kai ya yi gaba, sauran jiki da zuciya suna nan a shekarunsu. Yaro na magana kamar dattijo, rubutunsa kuwa ba ya karantuwa, kuma zai yi birgima a ƙasa saboda an canza masa kofi. A lakwal, wato makarantar boko, ya gama aikin tun kafin ƴan ajin su buɗe littafi, zaman ya ishe shi, ya shiga tsokana. Takarda ta zo gida cewa yana damun aji, uba ya hau faɗa.

Idan irin takardar nan ta zo, Alhaji, ka je da kanka. Ka nemi ganin masanin halayyar yara na makarantar gwamnati, ba a biyan ko sisi. Gwajin basira a birnin Paris Alfred Binet da Théodore Simon suka fara shi a 1905, yau kuma akwai wanda ake yi wa yaro tun yana shekara biyu da rabi. Maki 130 ne ake yawan ɗauka a matsayin iyaka, kusan yara biyu cikin ɗari ke kai wa nan. Ku faɗa wa masu gwajin cewa Hausa ake yi a gida, don da Faransanci ake gwajin, yaro na iya sanin abu kalmar ta ɓace masa. Na san wasunmu na ɓoye irin wannan yaro don tsoron bakin mutane. A yi masa addu'a, amma malaminsa dai ya sani.

Biyun nan cikin ɗari suna can gida Damagaram ma, a unguwannin Birni da Zango da Garin Malam. Yarinyar da ke talla a Kasuwar Dole, tana ba mutum uku canji a ka ba ta taɓa kuskure, ita ta fi tsaya mini a rai, don mace mai shiru ba ta damun kowa, ba mai lura da ita har a cire ta daga makaranta. Malamin lakwal mai aji cike maƙil, ina zai ga lokacinta?

Shawarata, cikin kuɗin da muke tarawa don gida, a ware wani kaso. Kowa a nan yana da ɗan uwa malami a Damagaram. Su nuna mana yaran, mu ɗauki littattafai da kuɗin karatunsu har su kai babbar sakandare ta Lise Amadu Kuran Daga, mata su zama rabi. Ma'aji, ka faɗa mana abin da ke asusu, sai a tattauna kafin sallar la'asar.

Na gode.