Daga nono zuwa kwano: rainon yaro daga wata 6 zuwa shekara 2

An rubuto wannan daga laccar da wata ma'aikaciyar lafiya ta gabatar wa mata a Tudun Wada, Kaduna.

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana, sannunku da zuwa.

Jaririn da ake ba wa nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗa masa, ba kasafai yake ramewa ba. Rama tana shigowa ne bayan an soma kunu.

Cikin yaro ɗan ƙarami ne. In kika ɗura masa koko tsululu, ya cika da ruwa, amma bai ci komai ba. Ki dama da kauri, yadda in kin karkata cokali ba zai tsiyaye ba. Ki zuba garin gyaɗa ko na soyayyen waken suya, da ɗan manja. Wata rana dafaffen ƙwai, ko kifin da aka cire wa ƙaya. Daga wata 6 zuwa 8, sau 2 ko 3 a rana, a fara da cokali 2 ko 3 har a kai rabin kofi. Daga wata 9, sau 3 ko 4. Kuma a ba shi kwanonsa daban, domin a kwano ɗaya da yayyensa ba ki san abin da ya shiga bakinsa ba.

Wa ke ba shi abincin? Sau da yawa 'yar raino ce, ita ma yarinya. Da ya kau da kai sai ta ce ya ƙoshi. Babba ya kamata ya zauna, yana kallon idonsa, yana yi masa hira, ba ɗura ba. A irin wannan zaman yake koyon magana.

Gudawa kuwa, a daina ɗora wa haƙori. Mai rarrafe komai ya tsinta sai baki. A wanke hannu da sabulu, a ba shi ruwan ORS, wato haɗin gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zinc ta kwana 10, nono kuma kada a tsayar. In maɗigarsa ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya ragu. Asibiti nan take.

Sai yaye. Raba yaro da nono rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, yana sa ya ƙi abinci don kewa. A rage a hankali, har shekara 2. In kun je awo, ku ce a gwada damtsensa: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, ba ta jiran gobe.